Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana: A Koya wa Wanda Zai Zauna

Zuwa ga shugabannin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana da shugabannin Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakunan Karatu ta Ghana,

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma ina cikin kwamitin da ke kula da wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi. Na zaɓi in rubuto muku da Hausa, kuma a bainar jama'a, domin iyayen yaran da maganar ta shafa, daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar har zuwa Nima da Mamobi da Madina a Akra, su ji abin da ake roƙo da sunan 'ya'yansu. Na tabbata kuma ba za a rasa mai jin Hausa a ofisoshinku ba, wanda zai isar muku da saƙon yadda yake. Roƙona guda ɗaya ne: a shirya wa ma'aikatan ɗakunan karatu, musamman waɗanda ke zaune kullum a teburin karɓar masu karatu, horo mai ɗorewa a kan aikin haɗin gwiwa ta intanet da kuma tafiyar da shafukan sada zumunta da sunan ɗakin karatu, a yi musu shi a wurin aikinsu, kaɗan-kaɗan, cikin lokacin aiki.

Abin da ya faru da mu shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarun baya an turo mana wani saurayi mai hidimar ƙasa, yaro mai hankali da himma, wanda ya karanci ilimin kwamfuta a jami'a. Cikin 'yan watanni ya sauya mana ɗakin. Ya buɗe mana shafi a Facebook, ya haɗa iyayen yara a rukunin WhatsApp, ya zauna ya kwashe sunayen littattafanmu kaf daga babban littafin rajista ya zuba su a jadawalin Google Sheets, har ya zama mutum yana iya tambaya daga gida ko akwai littafi kaza a ba shi amsa tun kafin ya biya kuɗin mota. Muka yi murna, muka sa masa albarka. Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne, duk waɗannan abubuwa da lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa aka buɗe su, kuma kalmomin sirrin wayarsa ce ke riƙe da su, shi kansa bai haddace su ba. Shekararsa ta cika, ya tafi Akra neman aiki, ba a jima ba aka sace masa wayar. Layin kuwa da sunan wani ɗan'uwansa aka yi masa rajista, sai aka rufe shi lokacin da aka sake rajistar layuka da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Shafinmu yana nan har yau ana ganinsa, da sanarwar karatun hutu ta shekarar da ya tafi, amma ba mai iya shiga ya ƙara ko harafi ɗaya, jadawalin littattafan kuma ya bi asusun ya tafi. Ban ɗora wa yaron laifi ba ko kaɗan, domin ya yi abin da ya iya da zuciya ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, ko ya gaya mana, cewa akwai hanyar da ta fi wannan.

Wadda aka bari da ɗakin ita ce baiwar Allah da ta fi shekara goma tana buɗe shi da safe tana rufe shi da yamma, wadda ta san kowane yaro da sunansa da gidansu da irin littafin da yake so. Duk shekarar da saurayin nan ya yi, ita tana gefe tana kallo, domin ba wanda ya ce mata ta matso ta sa hannu, mu 'yan kwamiti ma ba mu yi tunanin haka ba. Wata rana da hantsi na tarar da wata yarinya mai shirin jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, tana tsaye tana tambayar littafin tsofaffin tambayoyin lissafi, ita kuma Hajiya ta sunkuya a kan rajista tana taɓa yatsa a harshe tana juya shafi bayan shafi, ga kwamfuta a kusurwa an lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu. Matar nan kuwa ita ce uwar adashin layinsu, da WhatsApp take tunatar da masu zubi, da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, take karɓa take biya, kuma ba a taɓa kama ta da kuskuren sidi ɗaya ba. Wadda ta iya wannan ba za a ce jadawali ya gagare ta ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma ni shaida ne cewa abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna kusa da ita ya bar mata linzamin kwamfuta a hannunta.

Na san za a ce ai ana yin tarurrukan bita, kuma gaskiya ne ana yi. Ni kaina na halarci wata bita ta kwana uku da wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya a wani otal a nan Kumasi. An haska mana abubuwa masu kyau a majigi, intanet ɗin wurin yana gudu kamar ruwa, aka ba mu jaka da takardar shaida da kuɗin mota. Amma da na duba ɗakin sai na ga mafi yawanmu shugabanni ne da 'yan kwamiti, mutanen da ba su ne ke amsa tambayar mai karatu ba, domin a al'adarmu gayyata idan ta zo babba ake turawa. Na dawo da niyyar koya wa Hajiya abin da na gani, sai na tarar kafin mako ya zagayo rabinsa ya zube mini, sauran rabin kuma ba ya yiwuwa da 'yar datar da ke wayarta. Abin da mutum ya kalla a bango bai taɓa da hannunsa ba, kuma bai haɗa shi da aikin da ke jiransa gobe da safe ba, ba ya zama a ƙwaƙwalwa. Na koyar da yara shekaru masu yawa, ban ga wannan ƙa'ida ta canza a kan manya ba.

Akwai wata hanya da aka gwada ta kuma yi aiki, na kuma san da yawa daga cikinku sun san ta fiye da ni. A shekarar 2006 wata ma'aikaciya mai suna Helene Blowers, a ɗakin karatun jama'a na Charlotte da gundumar Mecklenburg a jihar North Carolina ta Amurka, ta tsara wa abokan aikinta wani shiri da ya shahara da sunan 23 Things, wato abubuwa 23. An jera ƙananan ayyuka guda 23, kowane ma'aikaci yana yin biyu ko uku a mako a kan kwamfutarsa, a lokacin da ya samu sarari: yau ya buɗe shafin kansa, gobe ya ɗora hoto a Flickr, jibi ya gyara shafin wiki tare da wasu, sannan ya rubuta 'yan layuka a kan abin da ya gane da abin da ya ba shi wahala, abokan aikinsa su karanta su taimaka masa. Ba aji, ba jarrabawa, kuma wanda ya kammala an ba shi kyautar na'urar sauraren sauti ta MP3. An saki shirin kyauta ga duk mai son kwaikwayo, ɗaruruwan ɗakunan karatu a ƙasashe da dama suka ɗauka suka gyara shi daidai da bukatarsu.

Ba ina roƙon a kwaso jerin nasu yadda yake ba, domin zanen aro ba ya rufe katara, kuma da yawa daga cikin manhajojin wancan zamani sun riga sun mutu. An rufe Google Reader a 2013, an rufe Google+ a 2019, Skype ma da kowa ya sani an rufe shi a 2025. Duk wanda aka koya wa danna maɓallan manhaja ɗaya kawai, iliminsa ya mutu ranar da aka rufe ta. Abin ɗauka a shirin nan shi ne tsarinsa: aiki ƙarami, a maimaita kowane mako, a cikin lokacin aiki da izinin shugaba, tare da abokan aiki da ke ganin ƙoƙarin juna, kuma ba a kunyata wanda ya yi kuskure. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a wurinmu. Dattijo ko dattijuwa da ta haifi yaron da ke koya mata ba za ta sake tambaya ba idan aka yi mata dariya sau ɗaya, za ta ce idonta ba ya gani sosai, ta mayar da zane ta rufe kwamfutar.

Ranku ya daɗe, ban rubuto domin in rage muku daraja ba, kuma ina sane da tarihin gidan da nake magana da shi. Tun daga gudummawar fam 1,000 da Bishop John Aglionby ya bayar domin ɗakin karatu a Akra, zuwa kafa hukumar ɗakunan karatu ta Gold Coast da ta fara aiki a 1950 ƙarƙashin Evelyn Evans, zuwa dokar 1970 da ta sake tsara ta, wannan ƙasa tana cikin na farko-farko a Afirka da suka ɗauki ɗakin karatun jama'a a matsayin nauyin gwamnati. A 'yan shekarun nan kun fitar da manhajar karatu ta waya, kun haɗa hannu da Commonwealth of Learning, hukumar ilimi ta ƙasashen Commonwealth, kun buɗe wa matasa darussan intanet kyauta, motar ɗakin karatu ta yankin Volta ta riƙa kai kwamfutoci masu caji da hasken rana makarantun ƙauye da tallafin EIFL, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tallafa wa ɗakunan karatu, kuma a 2021 aka ba Hukumar lambar yabo ta ɗakin karatun shekara a bikin baje kolin littattafai na Landan. Mun ji daɗin wannan duka. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, komai girmansa, a tebur ɗaya yake ƙarewa, inda yaro zai miƙo wayar mahaifiyarsa ya ce a nuna masa yadda ake sauke manhajar da yadda ake rajista. Idan wanda ke bayan teburin bai taɓa yi da kansa ba, abin da zai ce wa yaron shi ne ya dawo gobe, yaron kuma ba zai dawo ba.

Da ni za a tambaya da me za a fara, sai in ce da takarda guda da mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci ɗaya, domin ita ce ke sauya tunanin ma'aikaci tun daga tushe. Wanda ya saba ajiye aikinsa a kwamfuta ɗaya, ko a ɗan filashi da ke yawo a aljihu yana kwasar cutar kwamfuta, idan ya gane cewa jadawali yana iya zama a ma'ajiyar intanet, cewa akwai bambanci tsakanin wanda aka ba izinin gani da wanda aka ba izinin gyara, cewa kuma idan wani ya goge layi bisa kuskure ana iya komawa tarihin takardar a dawo da shi, to ya rabu da babban tsoronsa, wato tsoron ya taɓa ya ɓata. Daga nan sauran abubuwa suna zuwa da sauƙi. Ɗakunan karatu uku ko huɗu da ke cikin gundumar Asokore Mampong suna iya riƙe jadawali ɗaya, kowa ya san abin da ke kantar ɗan'uwansa, a daina sayen littafi iri ɗaya sau huɗu alhali wani babu shi ko'ina. Rahoton wata-wata da ake rubutawa da hannu a ba direba ya kai yana iya zama fom da ake cikawa a waya. Taron da ke sa ma'aikaci ya rufe ɗaki yini guda ya hau mota yana iya zama ganawar rabin awa ta Google Meet ko Zoom.

Amma tun kafin a buɗe ko shafi ɗaya, ina roƙon Hukuma ta fitar da ƙa'ida a rubuce, gajeriya, wadda za a manna a bangon kowane ɗakin karatu: duk asusun da aka buɗe domin ɗakin karatu, da imel da layin wayar ɗakin karatun za a buɗe shi, kowane shafi da kowane rukuni ya kasance da masu kula aƙalla biyu, ɗayansu ma'aikaci na dindindin, a rubuta kalmomin sirri a rufe a ambulan a ajiye wurin shugaba, kuma kada a sa wa mai hidimar ƙasa hannu a takardar sallama sai ya miƙa komai a gaban shaida, wanda ya karɓa ya shiga da hannunsa ya tabbatar. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya, kuma da mun san shi da ba mu yi asarar aikin shekara guda ba. Ina ƙara roƙon a sauya aikin da ake ba waɗannan matasa. A maimakon su zo su yi mana, a auna su da abin da ma'aikacin dindindin ya iya yi shi kaɗai ranar da za su tafi.

Maganar kuɗi kuwa dole a faɗe ta a fili. Ma'aikacin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba adalci ba ne a ce ya sayi data daga aljihunsa domin ya koyi aikin ofis, sannan a zarge shi da rashin sha'awa idan bai yi ba. Kuɗin da ake kashewa a hayar zauren otal da abincin kwana uku zai saya wa ma'aikata da yawa datar watanni. Haka kuma awa ɗaya a mako da za a ware domin koyo ta zama cikin jadawalin aiki da sanin shugaba, kuma wanda ya kammala a sa masa a fayil ɗinsa, ta yi masa amfani ranar ƙarin girma. Sannan a koyar da mutane daidai da ƙasar da muke ciki, inda ake ɗauke wuta ba sallama. Ba mu manta ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace ƙasar nan da maƙwabtanta suka kwana biyu cikin wahala. Ma'aikaci ya san yadda ake saita takarda ta buɗu ko babu intanet, ya san sauke kwafin jadawali kowace Juma'a ya adana, ya kuma san da irin su Kiwix da ke ba yara damar karanta Wikipedia ba tare da data ba.

Akwai wani ɓangare da nake so ku saurare ni da kyau a kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zango, amana ita ce jarin ɗakin karatu. Uba yana barin 'yarsa budurwa ta zo karatu da yamma ne saboda ya yarda da wadda ke zaune a wurin. Ma'aikacin da bai sani ba yana iya zuba 'yan mata da samari da baƙi a rukunin WhatsApp guda, inda kowa ke ganin lambar kowa, ko ya ɗauki hoton yara suna karatu ya saka a Facebook da kyakkyawar niyya ba tare da ya tambayi iyayensu ba. Ranar da wani ya ɗauki lambar yarinya daga rukunin ɗakin karatu ya fara damunta da kira, ba ita kaɗai za a hana zuwa ba, layin gidajensu gaba ɗaya za a hana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato Act 843, ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara sunaye da lambobin mutane, amma ma'aikacin ƙaramin ɗakin karatu bai taɓa jin an fassara masa ita da harshen aikinsa ba. A koya masa cewa sanarwa ana tura ta ta tashar WhatsApp ko jerin aikawa, inda masu karɓa ba sa ganin lambar juna, cewa hoton yaro sai da izinin iyaye, cewa kuma jadawalin da ke ɗauke da sunayen masu aro ba a buɗe shi ga duk wanda ya samu adireshinsa.

Haka nan maganar damfara da jita-jita. Duk shekara idan aka fitar da sakamakon BECE aka fara rarraba yara makarantun sakandare, saƙonni sukan cika wayoyin iyaye, wannan ya ce a turo kuɗi ta MoMo a sauya wa yaro makaranta, wancan ya ce ga shafin ɗaukar aikin soja ko na kwastan. Iyaye da yawa a unguwarmu ba sa karanta Turanci, kuma wurin da suke kawo wayar a duba musu shi ne wurin malamin makaranta ko ɗakin karatu. Mun ga irin wannan a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris aka kuma kulle Akra da Kumasi mako uku, saƙonnin murya na magungunan ƙarya suka riƙa yawo daga waya zuwa waya. Ma'aikacin da ya iya bambance shafin gwamnati na gaskiya da na bogi, ya iya bin sawun hoto ya gano asalinsa, sannan ya yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ko Twi ko Dagbani ya tura wa iyaye, ya yi aikin da shi ne asalin aikin ɗakin karatu, wato sada mutum da labari ingantacce.

Wannan ya kawo ni ga harshe. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Ofishin Harsunan Ghana ke wallafa littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma ita ce harshen ciniki da zumunci a kowane zango daga Bawku har bakin teku. Saboda haka littafin Hausa da aka buga a ƙasar nan abu ne mai wuyar samu, kuma intanet ce ƙofar da ta rage mana a buɗe. 'Yan'uwanmu Dagomba sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin a 2021 Wikipedia ta harshen Dagbani ta tsaya da ƙafarta, da ƙoƙarin matasa 'yan sa kai. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, wadda hedikwatarta ke Akra, ta riga ta shirya wa ma'aikatan ɗakunan karatu kwas a kan Wikipedia tare da Gidauniyar Wikimedia, ga kuma gangamin 1Lib1Ref da ke roƙon kowane ma'aikaci ya ƙara madogara guda a wani shafi. Malaman suna kusa, abin da ya rage shi ne a sauko da karatun zuwa ƙananan ɗakuna. Wikipedia ta Hausa tana nan tana girma, amma duk lokacin da na nemi tarihin zangunan Kumasi da sarakunansu da malamansu da fataken goron da suka kafa su, abin da nake samu kaɗan ne ƙwarai. Ma'aikacin da ya iya saita allon rubutun wayarsa ya fitar da ɓ da ɗ da ƙ, ya kuma san yadda ake kafa hujja da littafi, shi ya fi kowa cancantar cike wannan giɓi, tunda littattafan a bayansa suke.

Ga kuma takardun da ke cikin akwatunan gidajen malamai. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami masu yawa, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934. Abin da aka tattara bai ƙarar da abin da ke hannun jama'a ba. Na ga da idona, a gidan wani malami da ya rasu, takardun da gara ta ci gefensu, jikoki ba su san abin da ke ciki ba, ba su kuma yarda su ba baƙo ya tafi da su ba, kuma suna da gaskiya. Amma za su yarda 'yar unguwa da suka sani ta zo da waya ta ɗauki hoton kowane shafi a gabansu, ta rubuta bayaninsa a jadawalin da masani a Legon zai iya buɗewa ya taimaka da karantawa, asalin takardar kuma ya zauna a gidansu. Irin wannan aiki ba ya bukatar babbar na'ura, yana bukatar ma'aikaciyar da aka koya wa ɗaukar hoto mai kyau da sanya wa fayil suna da neman izini a rubuce.

Na san ɗakinmu ba ya cikin rassan Hukuma, kamar yadda ɗakunan karatu da yawa na unguwanni da na makarantun Islamiyya da na coci ba sa ciki, da irin waɗanda asusun Osu Children's Library Fund ya kafa a Akra har da na Nima. Amma yaron da ke shiga cikinsu ɗan Ghana ne, kuma darasin da aka riga aka rubuta aka ɗora a intanet ba ya ƙarewa don an ƙara masu karanta shi. Ina roƙon a buɗe mana ƙofa, Ƙungiyar Ma'aikata kuma, wadda ke tsaye tun 1962, ta dubi waɗanda ke wannan aiki ba tare da digiri ba a matsayin ƙannenta da ke bukatar a riƙe musu hannu. Ɗakin karatu na yankin Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu yana iya zama uwa, a samu ma'aikaci ɗaya a can da zai riƙa tura aikin mako yana amsa tambayoyi, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, kuma da ke zaune a unguwanninmu su zama mataimaka.

Ba mu zauna jira ba, ranku ya daɗe. Watanni kaɗan da suka wuce muka roƙi wata ɗaliba 'yar unguwa ta riƙa zuwa kowace Alhamis bayan la'asar ta zauna da Hajiya awa guda, da sharaɗin ba za ta taɓa linzamin ba, sai dai ta yi bayani da baki. Muka sayi layi da sunan ɗakin karatu, muka buɗe sabon imel, aka fara sake shigar da littattafan, kanta ɗaya kowane mako. A mako na biyar muka haɗa jadawalin da na wani ɗakin karatu na makarantar Islamiyya da ke wata unguwa. Ina zaune a wurin ranar da Hajiya ta ga haruffa suna fitowa da kansu a layin da ke ƙasa da nata. Ta ɗauke hannunta daga kan tebur da sauri ta ce, "Wa ke rubutu a takardata?" Aka gaya mata abokin aikinta ne daga can, ga sunansa a saman allo. Ta yi shiru tana kallo har ya gama layin, sannan ta gyara zaman tabaronta ta ce ya rubuta sunan marubucin ba daidai ba, ta sa hannu ta gyara masa. Yanzu ita ce ke tura wa iyaye saƙon murya kowace Asabar da safe, kuma zanen da ake rufe kwamfuta da shi sai dare ake ɗauko shi.

Abin da muka yi da mutum ɗaya, da datar da 'yan kwamiti ke karo-karo suna saya, ku kuna da ikon yin sa a yankuna 16 na ƙasar nan. Idan kuna son wurin gwaji kafin ku faɗaɗa, mun ba da ɗakinmu da kwamfutocinmu biyu da yammacin kowace Alhamis, kuma za mu rubuta muku duk abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, ba tare da ɓoye komai ba. Zan kai kwafin wannan wasiƙa da hannuna ofishinku na yankin Ashanti, tare da kwatancen inda muke, domin duk wanda kuka wakilta ya zo ya zauna kusa da teburin Hajiya ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya taimake ku a kan nauyin da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Malamin makaranta mai ritaya, ɗan kwamitin ɗakin karatu na unguwa,
Kumasi.